Tarwaɗar Kawu

Sana'ata yankan gilashi da haɗa tagogin alminiyam, a wani ɗan shago da ke bakin titi a Boɗinga. Mai irin wannan aiki ba ya rabuwa da ragowa, guntayen da suka yi wa taga kaɗan, suka kuma fi ƙarfin a zubar. Da irinsu na fara haɗa akwatin kifi, bayan na ga wani a ɗakin jiran wani likita a Sakkwato, na tsaya kallo har aka yi ta kirana ban ji ba. Na farkon da na haɗa yoyo ya yi. Na biyu ya buɗe ranar da na cika shi, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa wa matata buhun gero, maganar da har yau ba ta mutu ba. Na uku ne ya zauna. Tsawonsa kamu biyu da 'yan kai, na ɗora shi bisa benci a ɗakin da ke kusa da zaure, inda muke saukar da baƙi, don nan ne rana ba ta leƙawa.

Kifayen a hannun wani mutum na saye su a Sakkwato, wanda ake kawo masa su daga kudu cikin leda da aka hura wa iska. Ya faɗa mini sunansu da Turanci, kafin in iso gida na manta. Mu dai 'yan kwalliya muke ce musu. Babbansu bai kai ɗan yatsa ba, kuma ba zai taɓa kaiwa ba, haka Allah ya yi su. Mazan ne masu ado, jela a baje, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi. Matan ba su da wani launin a zo a gani, sai ciki. Ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi, kuma uwa na iya juyowa ta haɗiye abin da ta haifa ba tare da ta ji komai a ranta ba. Neman maɓoya ga 'ya'yan ne ya kai ni fadama. Na ɗebo kainuwa na saka ta yi ta yawo a sama, saiwoyinta na reto ƙasa, na shuka wata ciyawar ruwa mai siririn ganye cikin yashi da tsakuwa. Bado na gwada ya ƙi. Na sa ɗan injin iska da ke aiki da sola, yana ta ɓulɓul daga safe zuwa yamma.

Abin da ya fi cin lokacina shuɗi ne. Wata rana aka haifi wani namiji mai jela shuɗiya kamar an tsoma ta a marina, gefenta da baƙin zare. Na ware shi da mata biyu. Cikin 'ya'yansu na sake zaɓa, cikin jikoki na sake zaɓa, masu ja in ba yaran unguwa a kwalba. A hankali akwatin ya koma shuɗi kusan gaba ɗaya. Mutumin da ya sayar mini da kakanninsu ya gani a waya, ya ce in kawo masa wasu, na ƙi. Da bazara, idan ruwan ya fara ɗumi, nakan lulluɓe gilashin da jiƙaƙƙen buhu, in rage ruwan in ƙara na randa, in dawo daga shago tsakar rana don kawai in tsoma yatsa in ji. Duk wanda ya shigo ɗakin tambayarsa ɗaya ce: ana ci? Da farko nakan yi bayani. Daga baya na koma cewa a'a, in kawo masa ruwa ya sha.

Kawuna yayan mahaifiyata ne, manomi a Shagari. A hannunsa na yi wasu shekaru bayan rasuwar mahaifina, shi ya koya mini riƙon hauya da shan rana ba tare da ƙorafi ba. Mutum ne da ba a musu da shi, ba don yana faɗa ba, sai don idan ya yi magana yakan ɗauke kai, ya bar ka da bakinka a buɗe. Bai so na bar noman albasa na kama gilashi ba, bai kuma taɓa cewa bai so ba, sai dai tun daga lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, amma ban tuna ranar da ya miƙo mini wani abu ya ce ga wannan naka ne ba.

Wata bazara ciwon suga ya buɗe masa rauni a ƙafa, ya ƙi warkewa. Asibiti a Sakkwato suka ce sai ya riƙa zuwa wanki a kai a kai. Daga Shagari tafiyar ta yi masa yawa, Boɗinga ce a tsakiya, don haka aka yanke shawara ya sauka a gidana. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin baƙi, fuskarsa na kallon akwatin kifi. Mai ciwon ƙafa ba shi da wurin zuwa, ko masallaci sai an riƙa shi. Daga carbi sai rediyo sai kallon kifi.

Ya yi kwanaki yana kallon akwatin. Yana gani ina shigowa da sassafe in marmasa musu abinci, in tsince matattun ganye, in zuƙe dattin ƙasa da 'yar tiyo. Wata safiya ya yi gyaran murya.

"Waɗanga kihaye, tun yaushe ka aje su?"

"Sun kusa shekara ukku, Kawu."

"Shekara ukku," ya maimaita. "Iyakacin girmansu ke nan?"

"Iyakacinshi ke nan."

"Wa yas sai ma su?"

"Wani mutum na, can Sakkwato."

Ya gyaɗa kai, ya koma ga carbinsa. Ni kuwa har na ji daɗi. A ganina wannan ne karo na farko da wani ya tambaye ni kifin bai tambayi ko ana ci ba.

Ran wata Juma'a babban ɗansa ya zo dubiya daga Shagari, ya kawo albasa da fura, da wani galan da aka yanke wa baki aka ɗaure da tsumma. Ashe Kawu ne ya yi saƙo ta waya ga wani masunci da ke kamu a dam ɗin garinsu. Bayan an sauko daga masallaci ya sa aka kira ni, aka kira matata. Ya ce a tashe shi. Ya dafa kafaɗar ɗansa, ya ja ƙafa har gaban benci, ya kwance tsumman da kansa. A cikin galan ɗin 'yar tarwaɗa ce, baƙa, tsawon babban yatsa da rabi, gashin bakinta na motsi.

Ya yi bisimilla, ya juye ta cikin akwatin, har da ruwan dam ɗin da lakarsa.

"Wagga taka ta," ya ce. "Ni nib ba ka."

Na san tarwaɗa. Duk wanda ya tashi kusa da ruwa ya san abin da take ci, wato duk abin da ya shiga bakinta, kuma bakinta ya fi jikinta saurin girma. Tun kafin lakar ta kwanta na riga na ga ƙarshen 'yan kwalliyata. Amma dattijo ne tsaye da ƙafa ɗaya, ga ɗansa, ga matata, ya ba ni kyauta da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. A wajenmu kyautar babba ba a duba ta a gabansa, balle a ce tana da aibi. Na durƙusa na ce na gode, Allah shi ƙara girma. Matata ta yi tata godiyar, ta dube ni ta gefen mayafi, ta fita da sauri.

Tarwaɗar ta shige ƙarƙashin wani dutse ta yi lamo. Kwanakin farko ban ga ta taɓa kowa ba, har na fara yi wa kaina daɗin baki cewa ƙila ta yi ƙanƙanta. Sai jarirai suka fara raguwa a cikin saiwar kainuwa. Daga nan sai matasa. Ba a ganin lokacin da take yi, sai dai gari ya waye ka tarar wuri ya ƙara fili, ita kuma cikinta ya yi tulu. Ta kuma kama tonon yashi, ciyawar da na daɗe ina lallaɓawa ta riƙa tasowa sama da saiwarta. In sake shukawa da safe, in tarar da ita tana yawo da yamma.

Dabarar farko da na yi ita ce in ƙosar da ita. Na tono tana a bakin rijiya, na ɗebo gara, na yi ta zuba mata, a kan cewa mai ƙoshi ba ya farauta. Ta cinye tanar, ta cinye garar, ta ɗora da kifi. Abin da na samu kawai shi ne ta ƙara saurin girma, ruwan kuma ya fara gurɓacewa. Kawu ya lura da wannan hidima, ya yaba.

"Madalla. Ka ga ta ɗauki jiki."

Dabara ta biyu ta sana'a ce. Na auna faɗin akwatin, na yanko gilashi a shago, na zo na zura shi a tsakiya ya raba ruwan biyu, ita can, su nan. Aiki ya yi kyau, ko gashi ba zai bi ta gefe ba. Ban gama goge hannu ba na ji muryarsa.

"Wanga kuma na mi na?"

Na ce don kowa ya samu wurinsa ne.

"Ka matse ta wuri guda, ƙaƙa za ta girma? Ɗebe shi."

Ya ɗauke kai. Na zare gilashin na jingina a bango.

Matata ta tare ni a tsakar gida tana tankaɗe. Ita ba ta taɓa son kifin nan ba, tana cewa sun fi ta samun gaisuwar safe, amma ta ga yadda na daina cin tuwo da kyau.

"Malam, ka hwaɗa mai mana. Ai ba zagi ba na."

"In ce mai mi? Kyautad da yab ba ni ɓarna taka yi?"

"To ka zamna ta cinye su duka."

"Ke ki hwaɗa mai."

"Ni? Kawunka na, ba nau ba."

Mai karatu zai ce me ya hana in kwashe ƙananan in sa a wani wuri. Ni ma na yi wannan tunani. Matsalar ita ce Kawu ba ya barin ɗakin, kuma kama 'yan kwalliya cikin ciyawa ba aikin minti ɗaya ba ne, sai an kwashe kainuwa an ɗaga duwatsu. Zai tambayi dalili, kuma dalilin ɗaya ne. Ƙarya kuwa ban iya yi masa ido da ido ba, mutumin da ya san fuskata tun ina satar mangwaro. Lokacin da ɗakin ke zama babu kowa shi ne ranar asibiti, ranar kuma ni ke kai shi.

Saboda haka muka shirya da matata. Na nuna mata 'yar komar da na ɗinka da gidan sauro, na ce idan mun tafi ta kama iya abin da za ta iya, musamman mata masu ciki, ta sa su a babbar robar wanki da ruwan randa, ta ajiye a ɗakinta. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta kwashe fiye da rabi. Kuma saboda ta san yadda nake ji da su, ba ta yarda ta zuba su a robar da aka wanke kayan yara ba sai da ta dirje ta da garin sabulu, ta sake dirjewa. Da muka dawo na zaunar da Kawu, na wuce ciki. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin sabulu. Suna kwance a saman ruwan, ciki sama, shuɗin ya koɗe. Tana tsaye riƙe da komar tana cewa tun azahar suka fara juyawa, ta ƙara musu ruwa, ta yi musu fifita. Ban yi mata faɗa ba, don ni ne ban gaya mata sabulu guba ne a wajensu ba. Na zuba su a gindin darbejiya na rufe da ƙasa don kada kaji su ci. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, har na kasa komawa shago.

Ta rantse ba za ta sake taɓa komar ba, ban kuma matsa mata ba. Waɗanda suka rage a akwatin suka ci gaba da raguwa. Mazan suka riga tafiya, don jelarsu ta yi musu nauyi, ba sa iya gudu. A ƙarshe saura mace ɗaya, cikinta ya yi baƙi alamar haihuwa ta kusa. Ta samu wani lungu can sama cikin saiwar kainuwa, ba ta saukowa ko don abinci, sai in marmasa mata a daidai wurin. Duk abin da na zaɓa na ware cikin shekarun nan yana cikin cikinta. Idan ta haihu a wuri mai aminci, shuɗin zai dawo. Idan ta tafi, ya tafi.

A zuwanmu asibiti na gaba likita ya duba ƙafar ya ce nama ya ciko, sauran wankin za a iya yi a Shagari. Kawu ya ce gobe zai koma gida, ya bar gona a hannun yara. A hanyar dawowa na yanke shawara. Da safe, kafin mu tashi, zan durƙusa in ba shi haƙuri, in ce tarwaɗar ta girma, akwatin ya yi mata kaɗan, zan mayar da ita babban baho. Gaskiya ce, ko da ba duka gaskiyar ba ce. Na yi ta jera kalmomin a raina har na haddace.

Da safe matata ta kawo masa kunu da ƙosai, ta yi masa sallama da addu'a. Ya jira sai da ta fita, ya ce in tura ƙofa. Na tura, na durƙusa, na buɗe baki.

"Zamna," ya ce. "Akwai maganad da nika son in hwaɗa ma tun randa niz zo. Ban so iyalinka su ji ba."

Na zauna.

"Mutumin da yas sai ma kihin ga ya cuce ka. Ba shi tsoron Allah. Ni bakin ruwa nit tashi, ban taɓa ganin kihin da ka shekara ukku bai kai yatsa ba. Irin banza yab ba ka, don ya ga ba ka sani ba." Ya gyara zaman ƙafarsa. "Nig ga kana tashi da sahe kana ba su abinci, kana canza musu ruwa, kana rufe su ga zahi, kana jiran su girma. Sai tausanka yak kama ni. Nic ce yaron ga shina da haƙuri da riƙon abu, sai dai an same shi. In nib bari, mutane za su dinga shigowa suna yi ma dariya ga zuci."

Ya nuna akwatin da carbi. Tarwaɗar ta fito daga ƙarƙashin dutse, yanzu ta kusa taƙi, tana bin gilashi a hankali.

"Shi yas sa nis sa anka kamo ma wagga. Yanzu kowa yash shigo, shi ga kihi ga gidanka. Na ga tana cinye ƙananan. Ƙyale ta. Ko ba komi wahalakka ba ta tahi banza ba, ga ta nan ga jikinta."

Tun da nake da shi ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon wannan ba, ban kuma taɓa jin ya ce ina da wani hali mai kyau ba. Ashe duk zaman da ya yi yana kallon gilashi, tunanin yadda zai rufa mini asiri yake yi. Na ji daɗi ƙwarai, kuma a lokaci guda na ji takaici kamar in fasa akwatin. Kalmomin da na haddace suna nan a bakina. Na duba, na ga babu ɗaya cikinsu da zan faɗa bai gane cewa ya yi mini ɓarna ba.

"Na gode, Kawu," na ce. "Allah shi bar mu da kai."

"Ba komi. Ɗauko man sandata."

Babba ba a kai shi tasha a juyo. Na ɗauki shatar mota na raka shi har Shagari. A can kuma ba a barin baƙo ya tashi bai ci ba, aka kawo tuwo, maƙwabta suka yi ta shigowa barka da arziki, aka yi azahar, aka yi la'asar. Kawu na zaune a zaurensa yana ba mutane labarin asibiti, ya kuma gaya musu ɗan ƙanwarsa na kiwon tarwaɗa cikin gilashi a Boɗinga, su je su gani. Sai gab da magariba na samu motar dawowa.

Ina shiga ɗakin baƙi na ɗauki koma da kwano. Na ɗaga kainuwar ɗaya bayan ɗaya, ina girgiza saiwar cikin ruwa. Na fitar da duwatsun. Na tsince ciyawar da ke yawo. Babu macen nan mai ciki, babu ko jariri ɗaya. Na mayar da komai yadda yake, na ƙara ruwa, na wanke hannuna na tafi masallaci.

Bayan kwana biyu wayata ta yi ƙara ina shago, ina tsakiyar yanka. Lambar Kawu ce. Shi ba ya kiran mutane, sai dai a kira shi, don haka na ajiye komai na ɗauka da sauri, a zatona ƙafar ce. Muka gaisa, ya ce ƙafa da sauƙi, ya tambayi iyali. Sannan ya zo kan abin da ya sa ya kira.

"Ƙaƙa kihinka?"

"Lahiya lau take, Kawu."

"Ƙananan sun ƙare?"

"Sun ƙare."

"To, alhamdu lillahi. Yanzu sai ka nemo mata hanjin kaza, kak ka bari ta rame."

Na ce to. Da na tashi daga shago na bi ta wajen masu fige kaji a kasuwa, na ce su riƙa ajiye mini.